Malam Rariya da Amsar Tsatsa

Akwai wani malamin kimiyya a wata makarantar sakandare, ɗalibai suna kiransa Malam Rariya. Shi ne yake tace yara idan sun gama ƙaramar sakandare: masu ƙoƙari su shiga ajin kimiyya, sauran a tura su ajin zamantakewa.

Mutumin ya san aikinsa, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Amma bakinsa, Allah Ya kiyaye. Ranar rabon aji yakan tara yara a ɗakin gwaje-gwaje, ya zuba ruwan laka a mazurari mai takardar tacewa. Ruwa garau ya sauka a kwalba, ya ce, "Ga 'yan kimiyya." Sai ya ɗaga takardar da laka ta maƙale a jiki, ya ce, "Ga 'yan zamantakewa." Daga nan sunan 'yan laka ya bi ajin.

Yana da wata doka da yake alfahari da ita. Ba a rubuta suna a takardar jarrabawarsa, sai lamba, don kada wani uba ya zo masa da roƙo.

A shekarar da nake ba ku labari, autarsa tana cikin masu jarrabawar. Yarinya ce marar hayaniya. Yayyenta maza duk ta ajin kimiyya suka bi, saboda haka bai taɓa kawo wa ransa komai a kanta ba. Gado ne, in ji shi.

Yana cikin duba takardu a ɗakin malamai sai ya fashe da dariya.

Ya ce, "Ku zo ku ji ikon Allah. Na tambaya me ya sa ƙarfe yake tsatsa, wani gwani ya rubuta: saboda an bar shi a waje babu mai kula da shi."

Malamai suka yi dariya. Malamar zamantakewa ta leƙa takardar, sai fuskarta ta canja. Ta gane rubutun autarsa ne nan take, don kullum tana duba littafin yarinyar. Uban kuwa bai taɓa buɗe littafin 'yarsa ba, ina zai san hannunta?

Ta ce a hankali, "Malam, don Allah ka ba ni hankalinka a waje. Game da takardar nan ne."

Ya ce, "Au, har kin gane kayanki? Yi haƙuri, gobe zan kawo miki har aji."

"Ba haka ba ne. Kada ka karanta ta a gaban yara, mai takardar..."

Ya ɗaga mata hannu. "Ba na son jin suna. Ki je ki koya musu yadda ake gaishe da maƙwabta, ki bar mu da ilimi."

Ta sake binsa a baranda bayan an tashi, ya hau babur ɗinsa ya bar ta tsaye.

Washegari ɗakin gwaje-gwaje ya cika, har da malamai a bakin ƙofa. Ya yi wasan lakarsa kamar kullum. Sannan ya zaro takardar, ya karanta amsar yana maƙe murya kamar ta mace. Yara suka yi ta dariya har da buga tebur. Ya kira lambar, ya ce mai ita ya miƙe duniya ta gan shi.

Auta ta miƙe daga can baya.

Ya dube ta, ya sake duba lambar da ke kan takardar. A nan fa, jama'a, da ya ce "zauna" da an wuce wurin. Amma ya kalli malaman da ke ƙofa, ya tuna shekarun da ya yi yana cika baki cewa shi ba sani ba sabo. Girman kai rawanin tsiya ne.

Ya ce, "Taho nan."

Ta taho tana hawaye. Ya ɗora mata takardar lakar a tafin hannu, ya ce ta ɗaga sama kowa ya gani.

Ta ce, "Baba, don Allah."

Ya ce da ƙarfi, don na ƙofa su ji, "Wa kike kira Baba? Ni Malam ne. Ban haifi laka ba."

Malamar zamantakewa ce ta ratsa yara, ta karɓe takardar ta jefa a kwandon shara. Ta goge hannun yarinyar da gefen mayafinta, ta fita da ita.

Da ya koma gida, Auta ta kawo masa ruwa ta durƙusa. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Ya ɗauka fushin yara ne, kwana biyu zai wuce. Bai wuce ba. Mahaifiyarta ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka. Yarinyar ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, wanki da guga duk tana yi masa, amma kalmar Baba ta ɓace daga bakinta. Abin yana cinsa a rai sosai. Ya saya mata waya, ya saya mata littattafai, ta ce, "Na gode, Malam." Haƙuri ne kawai bai iya ba ta ba, don a ganinsa uba ba ya ba 'yarsa haƙuri.

Ta gama ajin zamantakewa, ta yi karatunta, ta yi aure a wani gari mai nisa. Shi kuma ya yi ritaya, ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida.

Wata rana ta zo duba shi da ɗanta, yaro ɗan ƙarami mai surutu da bai taɓa zuwa gidan da wayonsa ba. Tsohon ya sa an aske shi tun safe, ya ajiye alewa a aljihu. Ya ce wa ransa, in uwar ta hana ni Baba, ai ɗan zai ce mini Kaka.

Suka shigo. Ya buɗe hannuwa yana murmushi. Yaron ya ɓuya a bayan uwarsa, ya ce, "Mama, wane ne wannan?"

Ta shafa kan yaron, ta ce, "Malaminmu ne na kimiyya. Je ka gaishe shi."

Darasi: Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Malami ko uba, kada ka sayi yabon mutane da mutuncin yaro, kuma in ka ɓata, ka ba da haƙuri tun zuciya ba ta rufe ba. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani.