Dalilin da Ya Sa Yara Suke Famfara

Dalilin da ya sa kowane yaro sai ya yi famfara, haƙoransa na fari su zube wasu su fito, ba shan zaƙi ba ne kamar yadda iyayenku suke tsorata ku. Ku matso. Masu giɓi su zauna a gaba, da su nake.

A can da, sau ɗaya haƙori yake fitowa. Yaro sai ya kai shekara bakwai bakinsa wayam kamar na tsohuwa, daga nono sai kunu, daga kunu sai koko. Sannan manyan haƙora su taso daga cikin ƙashin muƙamuƙi, su talatin da biyu, su yi zaman dindindin. Mai kula da gidan kafin su iso ita ce Goggo Dasashi, wannan jan naman da haƙora suke tsaye a kai. Mace ce mai taushin zuciya, ga saurin hawaye.

To, akwai wata yarinya, Lanti, da aka kai gidan kakarta yaye. Ran da ta ga manya suna cin gasasshiyar masara, sai ta yanke hulɗa da kunu. A kawo ludayi ta kau da kai, a yi mata ɗura ta furzar. Cikin mako guda wuyanta ya koma kamar sillen kara. Goggo Dasashi, da yake a cikin bakin take, ta fi kowa sanin babu abin da yake wucewa maƙogwaro. Ta gwada tauna masarar da kanta, ta wuni a kumbure.

Sai ta leƙa ƙasa, cikin ƙashi, inda Baba Turmi, babban haƙora, yake kishingiɗe.

"Baba, ku taimaka ku fito. Yunwa za ta kashe yarinyar nan."

"Mu fito ina?" in ji Turmi. "Kin dubi muƙamuƙin nan kuwa? Ni kaɗai in na zauna, sai harshe ya nemi gidan haya. Kuma kin san halinmu, yadda muka fito haka muke, ba ma ƙaruwa, ba ma raguwa. A bari gida ya yi faɗi."

"Kafin ya yi faɗi ai an yi sadakar arba'in."

Turmi ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Ga yaranmu nan ƙanana guda ashirin. Ki tafi da su su riƙe mana wuri, kamar yadda mai tumatir yake sa a shimfiɗa masa buhu a kasuwa tun da sassafe. Amma ran da muka taso, su naɗe buhu."

"Na yarda."

"Kin cika saurin yarda, Goggo. Na fa san ki."

Haka ta riƙa fito da su bibbiyu, kuma ba ƙaramar wuya ta sha ba. Ga ƙaiƙayi, ga kumburi, ga dalala har ƙirji, Lanti ta ciji duk abin da ta samu, har yatsan kakarta. Wanda ya fara leƙowa shi ne Tsito, a gaba ta ƙasa, fari tas kamar ƙwayar shinkafa. Shi ya fara kafa kai a jikin masara. Kafin kaka ta wuce Lanti ta yi kumatu, kakarta ta koma ɓoye ƙuliƙuli a ƙarƙashin gado.

Goggo ta ɗauki son duniya ta ɗora wa yaran nan. Shekaru suka tafi, muƙamuƙi ya buɗe, har iska tana wucewa a tsakaninsu. Ran nan sai aka ƙwanƙwasa daga ƙasa.

"Goggo, gida ya yi faɗi."

"Baba, a bari a ci sabuwar gyaɗa."

Aka ci gyaɗa. Ta ce a bari rake ya wuce. Rake ya wuce, ta ce ai mangwaro ya kusa nuna. Tsito kuwa har da zuga ta: "Goggo, ki ce musu ba kowa a gida. Wanda ya san daɗin alewa ne za a ce ya tashi?"

Turmi bai ɗaga murya ba. Ya dai ce wa jama'arsa kowa ya sa baki ya riƙa gaigayar saiwar yaron da yake samansa. Wanda yake ƙarƙashin Tsito kuma, da ya gaji da jira, sai ya fara neman ɓullowa ta baya, a karkace. Nan Goggo ta farga. In ta ci gaba da riƙo, haka bakin Lanti zai ƙare, haƙori bisa haƙori kamar itacen da aka juye a tsakar gida, kuma manyan nan ba su da canji.

"Goggo, ƙafata tana rawa," in ji Tsito.

"Na sani, ɗan nan."

"To ki riƙe ni mana."

Ta riƙe shi kwana uku da ɗan zaren nama guda. A na huɗu ta leƙa ƙasa.

"Baba, zan saki, amma da sharaɗi biyu. Ɗaya bayan ɗaya za su tafi, kada yarinya ta koma kunu. Kuma ba a bola za a zubar mini da su ba. A jefa su saman ɗaki, inda kaji ba sa tono."

"Na ji," in ji Turmi. "Ke dai ki buɗe hannu."

Da hantsi Lanti ta gatsi goruba, Tsito ya tafi a jikin gorubar. Goggo ta fashe da kuka, hawayenta ja kamar ita.

Shi ya sa har yau haƙoran yaro ba sa zubewa rana ɗaya, kuma in kun juya wanda ya faɗi ba za ku ga saiwa ba, na ƙasa sun cinye. Ɗan jinin nan da kuke gani ku cika gida da ihu, hawayen Goggo ne, ku ba ta ruwan gishiri mai ɗumi za ta yi shiru. In kuma haƙori ya yi kwana da kwanaki yana lilo ya ƙi faɗuwa, kada ku yi gaggawar ɗaura masa zare. Ku ɗan yi wa tsohuwa haƙuri, sallama take yi da shi.