Dalilin da Ya Sa Gawo Ke Tuɓe Ganye da Damina

Dalilin da ya sa kuke ganin gawo tsirara da damina, alhali kowace bishiya ta yi kore shar, ku matso kusa ku ji shi.

A da can, gawo ma da damina yake yin ganye, mai duhu kuwa, har rana ba ta taɓa gindinsa. Duk geron da aka shuka a inuwarsa sai ya miƙe siriri, ya ƙi fid da kai. Ganin haka, Sarkin Noma Barmo ya ce a sare duk gawon da ke cikin gona. Aka yi ta sara har saura guda ɗaya tak, a gonar wani manomi mai suna Cindo.

Cindo bai so sare shi ba. A kansa shamuwa ke yin sheƙa, kuma ya lura tun da aka sare sauran, iska ke kwashe ƙasar gonakin maƙwabta, ta bar musu yashi. To amma rumbunsa ya ƙare tun tsakiyar rani, ga 'ya'ya biyar. Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya wasa gatari ya nufi gona.

Ya ɗaga gatarin ke nan, sai gawo ya ce, "Cindo, dakata."

Cindo ya sauke gatarin. Ya ce, "Ka yafe ni. Inuwarka ce ta hana yarana tuwo."

"In inuwa ce laifina, na bar ta. Da damina zan zubar da ganyena, rana ta sauka a kan geronka. Sai rani in yi sabo."

"Da rani? Da wane ruwan?"

"Zan tura saiwa ƙasa har in same shi. Amma kafin in same shi ba zan iya sakin ganye ba, mutuwa zan yi. Ka tsare ni."

Washegari aka yi ruwan fari. Sai ga Barmo a gonar da majiya ƙarfi huɗu.

"Cindo, gatarinka ne ya dakushe, mu ara maka namu?"

"Ranka ya daɗe, a ba shi kwana uku. Ya yi mini alkawari."

"Itace ya yi maka alkawari!" Suka fashe da dariya. Barmo ya ce, "To, kwana uku. In na dawo na ga ganye, sai ya faɗi, kuma bana gayya ba za ta taka gonarka ba."

Kwana ɗaya, ganye na nan. Kwana biyu, sai ma ƙara sheƙi da ya yi. Cindo ya kasa cin abinci. Rana ta uku da la'asar suka dawo, suka tarar da shi tsaye, ya jingina bayansa da gawon.

Barmo ya ce, "Matsa."

"Rana ba ta faɗi ba tukuna, ranka ya daɗe."

"Ku janye shi!"

Mutum biyu suka riƙe Cindo, yana fizge-fizge. Na uku ya kai sara ɗaya, ɓawo ya yi tsalle, shamuwa suka tashi a firgice. Ya sake ɗaga gatari. Sai Cindo ya ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, can ciki. Saiwa ta taɓa ruwa.

Ganye ya fara zuba, ya rufe kan mai saran, ya rufe rawanin Barmo, har reshe ya koma fayau. Mai saran ya ajiye gatari, aka saki Cindo.

Ganyen ya ruɓe ya zama taki. A shekarar, geron gindin gawo ya fi na kowa zangarniya. Da rani ya yi, ciyawa ta ƙare, gawo kaɗai ke da inuwa, awakin gari duka suka rayu da 'ya'yansa, har da na Barmo.

Shi ya sa har yau gawo ke tsayawa tsirara cikin ruwan sama, yana cika alkawari. Manomi kuma, in fartanyarsa ta iske ɗan gawo ya tsiro a kunya, sai ya kewaye shi ya wuce.