Lambar da Malama Yemisi Ta Bari a Nguru

Akwai wata malama a garin Gashuwa da ake kira Malama Yemisi. Kada sunan ya ruɗe ku. A Nguru aka haife ta, zamanin da mahaifinta ke aiki a tashar jirgin ƙasa, kuma in tana magana a bayan labule, sai ka rantse wata gwaggonka ce daga cikin gari.

Malamar wasanni ce a wata sakandaren 'yan mata. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki. Abin da ta fi ƙauna shi ne gudun famfalaki, irin wanda ba a cikin fili ake yin sa ba: a ratsa rairayi, a bi bakin kogi, a zagaya gonakin shinkafa, a dawo safa cike da ƙarangiya.

Wanda bai sani ba zai ce ai aikin bai wuce hura usur ba. To, ba koyar da gudun ne wahala ba, samun masu gudun ne. Gida-gida take bi. Ta tuɓe takalmi, ta zauna da uwa, ta fito da kayan gudun daga jaka ta nuna: dogon wando, riga har gwiwa, ƙaramin hijabi mai kama kai. Sannan ta jira uba.

Gidan Malam Yuguda masunci sai da ta je sau uku. 'Yarsa Halimatusa'adiya, wadda kowa ke ce wa Sadiya, ta mutu a kan son gudu, shi kuwa ya ƙi sakin jiki.

A zuwa na uku ya ajiye komar da yake ɗinki, ya ce, "Malama, ni ba gudun nake ƙi ba. Tsorona a fita mini da yarinya daji, kowa ya bi wadda ta ci da tafi, a mance da tawa a baya."

Malama Yemisi ta ce, "Baban Sadiya, duk yarinyar da na fita da ita, ni zan dawo da ita da hannuna. Ba na ba wa wani aikin."

Sannan ya ce, "To, na ba ki amana."

Ita dai Sadiya, gaskiya ba gwana ba ce. 'Yar ƙanƙanuwa ce, taku gajere, kullum ita ce ta ƙarshe. Abu ɗaya ne da ita: ba ta tsayawa. Ko numfashi zai fita, sai ta kai.

Ana saura wata shida Malama Yemisi ta yi ritaya, sai wata ƙungiyar masu son wasanni ta shirya tseren 'yan mata a Nguru. An gayyaci makarantu daga Gashuwa da Machina da Jakusko da Karasuwa. Kuma a karon farko aka ce ba kofi kaɗai za a bayar ba. Kocin makarantar da ta zo ta ɗaya za a kira shi gaban jama'a a miƙa masa lambar yabo.

Ba zan ɓoye muku ba, jama'a, Malama Yemisi ta so lambar nan. Ta so ta har cikin ranta. Shekara ashirin da shida, ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba. Ranar rabon kyaututtuka a makaranta, a kira malamin lissafi, a kira malamar Turanci, ita kuwa a ce ta taimaka a jera bencuna. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma mutum ce, zuciya gare ta.

Har atamfa ta saya, shuɗiya mai ratsin ruwan goro, ta kai aka ɗinka. Zinariya, wadda ta fi kowa gudu a cikin yaranta kuma ta fi kowa tsiya, ta gani ta ce, "Malama, tsere za mu je ko ɗaurin aure?"

"Ke dai ki ci, ki bar mini sauran," in ji Malama, tana danne murmushi.

Ranar Asabar da sassafe suka kama hanyar Nguru a motar makaranta, ita da yara shida. Damina ba ta daɗe da wucewa ba, fadamu duk cike suke da ruwa. An auna hanya kilomita shida, an kakkafa sanduna an ɗaura musu jan ƙyalle, don masu gudu su riƙa bi.

A wurin tashi ta haɗu da Malam Mu'awiya, kocin wata makaranta, mutum mai baƙin tabarau da agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a wuya. Ya dubi Sadiya sama da ƙasa, ya yi dariya.

"Haba Malama, har da wannan 'yar mitsitsiyar? Ni masu ci kawai nake ɗauka a mota, sauran su zauna gida su yi mana addu'a."

Sadiya ta sunkuyar da kai. Malama Yemisi ta durƙusa ta sake ɗaure wa yarinyar igiyar takalmi.

Aka hura usur, aka zuba.

Bayan kusan rabin awa, sai ga Zinariya ta ɓullo ita kaɗai, hijabi na kaɗawa. Ta ɗaya! 'Yan uwanta suka zo na uku, na huɗu, na bakwai, na goma. Ko ba a haɗa maki ba, kowa ya san Gashuwa ta ɗauke kofi. Yaran Malam Mu'awiya suka zo na biyu, shi kuma ya cire tabarau yana gogewa kamar tabarau ɗin ne ya yi laifin.

Malama Yemisi ta zagaya bayan mota, ta ɗora sabuwar atamfarta a kan kayan wasanni, ta kafa ɗauri. Ta fito ta tsaya a bakin layi tana jiran ta shida.

Yara suka yi ta shigowa ɗai-ɗai, wasu da gudu, wasu da jan ƙafa. Can sai aka daina shigowa.

Ta tari wata 'yar Machina da ta shigo a ƙarshe, ta tambaye ta ko ta ga Sadiya. Yarinyar tana haki ta ce, "Tana bayana, Malama, har wajen kacalla. Daga nan ban ƙara jin takunta ba." Kacalla ita ce doguwar ciyawar nan da ke cinye bakin ruwa, mutum ya shiga ba a ganin ko kansa.

Malama ta nufi mai kula da taron ta gaya masa.

Mutumin yana share gumi ya ce, "Malama, ki yi wa Allah ki tsaya. Babban baƙo sauri yake, Damaturu zai wuce. Minti goma ne, ki karɓi lambarki, sai mu tura mai babur. In kin tafi ba za mu iya jira ba, ƙa'ida ce, wanda ba ya wurin sai a ba na biyu."

Ta dubi teburin. Ga lambar can, katako mai sheƙi da farantin tagulla a tsakiya. Taku ashirin ne tsakaninta da ita.

Ta tsaya. Wallahi ta tsaya, kuma ba zan zarge ta ba. Zuciya ta ce mata minti goma ai ba komai ba ne. Amma ta san minti goman taro, jawabi uku ne da godiya biyu. Ta san babur ba ya shiga taɓo. Ta kuma san abin da ta faɗa wa mutumin da ya ajiye komarsa ya saurare ta.

Ta tuɓe takalmin kwalliya ta zura na gudu. Ta ce wa Zinariya, "Ke za ki karɓi kofi. Kuna gamawa ku shiga mota, kada wadda ta motsa."

"Malama, lambarki fa?"

Ba ta juyo ba.

Ta bi sandunan a baibai har ta isa wajen kacalla. Nan ta ga abin da ya faru, ta dafe kai. Hanya ta rabu biyu, kuma kowace da sandunanta masu ƙyalle. Masuntan wurin su ma haka suke yi: in sun kafa tarkon kifi a cikin ruwa, sai su jera sanduna su ɗaura tsumma don su gane hanyarsu. Masu shirya tseren 'yan birni ne, ba su lura ba. Yaran da ke gudu a gungu junansu suka bi. Wadda ke baya ita kaɗai kuwa, ba ta da abin bi sai ƙyalle.

Ta kutsa hanyar masunta tana kira. "Sadiya! Halimatu!"

Taɓo ya kai mata ƙauri. Gefen atamfa ya koma baƙi. Tana cikin haka, sai iska ta kwaso muryar lasifika ta kan ruwa, tar kamar a kunnenta.

"Malama Yemisi daga Gashuwa!"

Ta tsaya cak.

"Malama Yemisi, a fito gaba!"

Aka kira na uku. Aka yi shiru. Sannan ta ji an kira wani suna, tafi ya biyo baya.

Hawaye suka zubo mata, ba ta hana su ba. Abin ya yi mata zafi ƙwarai. Ta share fuska da bakin ɗankwali, ta cika ƙirji da iska, ta ci gaba da kiran nata kiran.

A gindin wata goruba ta same ta. Takalmi ɗaya ya tafi a taɓo, idon sawu ya kumbura suntum. Yarinyar na ganinta ta fashe da kuka.

"Malama, na ji ana kiranki. Don me kika taho?"

"Ke fa, kin ji ana kiranki?"

"Na ji. Muryarki ce kawai."

"To, kin gani."

Sadiya ta ce, "Da na ga ruwa a gabana na san na ɓata. Sai na zauna. Na ce in na motsa ba za ki gan ni ba."

Malama ta gwada ta da ita tsaye, ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Sai ta kwance sabon zanin nan, ta durƙusa, ta ce, "Hau."

"Malama, ni fa ba jaririya ba ce."

"Yau ke ce. Hau, kada ki ɓata mini lokaci."

Mace mai shekara hamsin da tara, da budurwa 'yar sha huɗu goye a baya, cikin taɓo da rana. Su yi taku hamsin su huta, su ƙara hamsin. Kilomita biyu sai da ta ci musu fiye da awa.

Ko da suka iso, ana naɗe rumfuna. Babban baƙo ya tafi, Malam Mu'awiya ya tafi da lamba. Yaranta biyar ne kawai suka diro daga mota da gudu, suka bar kofin a kan kujera, suka rungume su duka biyun da taɓon da komai.

Ta biya asibiti aka ɗaure ƙafa. Kafin magariba ta miƙa Sadiya a zauren gidansu, ta faɗa wa uban duk abin da ya faru, ba ragi. Maganar lamba ce kaɗai ba ta yi ba.

Malam Yuguda ya ce, "Sannu, Malama. Allah ya saka." Ta koma gida ta jiƙa atamfa, taɓon bai fita duka ba.

Ranar Litinin aka ɗora kofi a ofishin shugabar makaranta, aka yi hoto. Rayuwa ta ci gaba.

Bayan mako biyar, Sadiya ta zo ɗakin malamai tana ɗan ɗingishi, da ƙullin goro da alewa a hannu. Mahaifiyarta Zainabu ta haihu, an samu mace, kuma an ce lallai Malama ta zo suna.

Ta je da la'asar da 'yar rigar jarirai a leda, da nufin ta yi barka ta fito. Ta tarar da tsakar gida cike da mata. Tana yin sallama aka tashi aka ba ta tabarmar kusa da mai jego. Zainabu ta ɗauko jaririyar ta ɗora mata a cinya.

Sai aka ji gyaran murya daga ƙofar zaure. Malam Yuguda ne, bai shigo ba, ya tsaya a inda kowa zai ji shi.

"Malama, na je Nguru da ƙafata, aka nuna mini gorubar. Ni masunci ne, na san ruwa. Taku goma gaba da inda yarinyar nan ta zauna, gurbi ne da zai shanye ni a tsaye. Abin da kika bari a kan tebur kuma, ba ki faɗa mini ba, amma na ji."

Malama ta buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ni ba ni da katako, ba ni da tagulla. Da safe liman ya raɗa wa wannan yarinya Mas'uda, shi ne sunanta na yanka. Amma ni da uwarta mun yi shawara. A cikin gidan nan, da unguwar nan, har ta girma ta yi nata gidan, Yemisi za a riƙa kiranta. Mun yi miki takwara."

Guɗa ta tashi. Wata tsohuwa ta gwada sunan a bakinta, "Yamisi, Yamisi," aka kwashe da dariya.

Ita kuwa Malama ba ta ji dariyar ba. Tana kallon 'yar fuskar da ke barci a cinyarta. 'Ya'yanta uku duk maza ne, kuma ko a cikin danginta ba wanda ya taɓa sa wa 'yarsa sunanta.

Da ƙyar ta ɗago ta dubi Zainabu. Ta ce, "Maman Sadiya, don Allah sake faɗa in ji."

Zainabu ta sunkuyo, ta shafa kan jaririyar, ta ce a hankali, "Yemisi, tashi ki gaida mai sunanki."

Darasi: Wanda ya riƙe amana ya bar yabo ya wuce shi, bai yi asara ba, domin mutane suna gani, kuma Allah ba ya mantawa. A makarantunmu akwai malamai da ke fita da 'ya'yanmu mata filin wasa su dawo mana da su lafiya, ba wanda ya san sunansu. Mu neme su mu gode musu tun suna kan aiki, mu kuma bar 'ya'yanmu su yi gudu, na gaba da na baya duka. In labarin nan ya tuna maka wata malama ko wani malami, rubuta sunansa a ƙasa, ka tura wa wasu su ma su karanta.