Yatsan Kawu da Gasket Ɗin Dogo

Akwai wani direba da ake kira Dogo. Yana da wata tsohuwar akori-kura da ta girmi 'yarsa ta fari. Da ita yake jigilar bulo, da ita ake ɗora tukunya a gidansa.

Sai motar ta fara laulayi. In ya tsaya a danja, injin ya dinga "tuf-tuf-tuf" kamar tsoho mai mura, ga wani siririn tsaki, "tssss", da ba ya yankewa. Ruwan lagireto kuwa, a cika da safe, kafin rana ta take ya yi ƙasa.

Ranar Juma'a sau uku tana mutuwa da kaya a bayanta. Mai gidan bulo ya ce, "Dogo, ni fa na gaji. Litinin ƙarfe bakwai, in motarka ba ta zo da lafiyarta ba, wani zan ba aikin."

A gidan Dogo akwai Kawu, ƙanin mahaifiyarsa. Shekara arba'in ya yi yana kanikanci, har hannuwansa suka kama rawa, yanzu ko kofi ba ya riƙewa bai zubar ba. Daga kan kujerarsa ya kasa kunne, ya ce, "Gasket ɗin manifol ne. Ɗan shimfiɗin nan da ke tsakanin injin da ƙarfen da ke shigar masa da iska. Ya cinye, shi ya sa take zuƙar iska tana zubar da ruwa."

Asabar Dogo ya samo sabon gasket da ƙyar, ya buɗe bonet a tsakar gida. Kafin ya kwance wayoyi da tiyo-tiyo, ya ciro manifol, bayansa ya ƙage, gumi na shiga masa ido. Ya ɗan kankare tsohon gasket sama-sama, ya ce an gama.

Kawu ya taso da ƙyar, ya shafa bakin ƙarfen da ɗan yatsa. "Uhm-uhm. Da saura."

"Kawu, ƙyalli fa yake yi."

"Ido ke ganin ƙyalli, ɗan nan. Yatsa ya ce da saura. Kuma in ka zo ɗaure noti, daga tsakiya ake farawa, kaɗan-kaɗan, ana zagayawa."

Dogo ya sauke numfashi. "Kawu, don Allah a koma inuwa. Wannan aikin na masu hannu ne."

Tsohon ya kalli hannuwansa, ya koma ya zauna.

Dogo ya lafta gam kamar mai yaɓen ɗaki, ya ɗora gasket, ya kama noti na gefe ya murɗe iya ƙarfinsa, ya bi sauran a jere. Da yamma ya tayar da mota. Minti biyar tana daɗi. Sai kuma "tssss". Ruwa ya gangaro ta gefen injin, ɗis, ɗis.

Matarsa ta leƙo, ta kumbura murya irin tasa. "Wannan aikin na masu hannu ne!" Ta tafa hannu. "To, mai hannu, ga ta nan tana maka fitsari a tsakar gida."

Ko ƙarfin hararar ta bai da shi.

Lahadi ya kwance komai, ya tarar gasket ɗin ya tsage a gefen da ya fara matsewa. Ya shiga kasuwar kayan mota a ƙafa, shago bayan shago. Kowa sai ya ce, "Wannan tsohon yayin? Ai an daina kawowa." A can lungu wani dattijo ya kakkaɓe ƙura ya miƙo masa guda. "Shi kenan ya rage. In ka ɓata shi, sai dai ka sa kaji su kwana a motar."

Dogo ya dawo gida ya nufi wurin Kawu. Ya durƙusa gaban kujerar.

"Kawu, na yi rashin kunya jiya. A yafe mini."

"Jawo ni kusa da injin," ita ce kawai amsar Kawu.

Dogo ya cusa tsumma a ramukan injin kada datti ya faɗa, ya kama kankara da reza. Ya kankara, Kawu ya shafa. "Da saura." Ya sake. "Da saura." Sau bakwai, jama'a! Yatsun Dogo suka yi kanta, wuyansa ya sandare. A na takwas Kawu ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Cire tsummokaran, ka ɗora."

Noti kuwa, daga tsakiya, rabin murɗi, a tsallaka ɗaya gefen, rabin murɗi. Zagaye uku suka yi. Dogo ji yake kamar ya yi kuka don gajiya.

Ya murɗa makulli. Injin ya tashi sumul. Kawu ya karkata kai, ya rufe ido, minti goma babu mai motsi. Ba tsaki, ba ɗigo.

"Ta yi shiru," in ji shi.

Litinin bakwai saura kwata, mai gidan bulo ya zo buɗe ƙofa, ya tarar da akori-kurar tana jiransa, Dogo ya kifa kai a sitiyari yana minshari. Ya ƙwanƙwasa gilashi. "Tashi, malam. A fara lodi."

Darasi: Gaggawa ba ta rage aiki, ninka shi take yi. Kuma wanda ƙarfinsa ya ƙare, saninsa bai ƙare ba, kada ka raina tsohon da ke zaune a gidanku. Ku tura wa duk wani Dogo da kuka sani, tun bai kwance injinsa sau biyu ba.