Sakin da Mamaci Bai Yi Ba

An yi wani mutum, dillalin gidaje, wanda duk jarinsa bakinsa ne. In ya ce gida ba rigima a kansa, mai saye ba ya neman wani shaida.

Yana da ƙane makaniki mai ɗan gida ɗaki biyu. Allah bai ba ƙanen haihuwa ba, amma ya 'yan uwa, da kun ga zamansa da matarsa da kun yi sha'awar aure. Ita ke zama ta kankare masa baƙin mai daga farce in ya dawo daga gareji. Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, a kujerar roba take kwana har ƙafafunta suka kumbura. A hannunta ya cika.

Tun ba a naɗe tabarmar gaisuwa ba, dillali ya sama wa gidan mai saye. Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Matar da mijinta bai bar ɗa ba, Allah ya yanka mata kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba mai fitar da ita daga ɗakinta sai ta gama takaba.

Ya same ta zaune a bakin gadon mijinta.

"Ki tattara kayanki. Ƙanena ya sake ki a asibiti, a gabana."

Ta ɗago ido jajur. "Yaya, ni? Mutumin da ko sunana ya kasa kira?"

Ya sauya kwaɗon ƙofa. Ta koma gidan wanta da jaka ɗaya, wan ya kai ƙara.

A gaban alƙali dillali ya yi alwala, ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse. Alƙali ya bari ya gama, sannan ya ce, "Malam, ko da gaskiya ka faɗa, wanda ya yi saki a ciwon ajali matarsa tana cin gadonsa." Aka kira ma'aikaciyar jinya, ta shaida cewa ranar da dillali ya ambata akwai roba a maƙogwaron mamaci, ba ya iya furta komai.

Kun ga asara? Ya sayar da lahirarsa a kan ƙaryar da ko ta tabbata ba za ta amfane shi ba.

Labari ya riga shi isa gida. Mai saye ya janye. Wayarsa da ba ta hutawa ta yi tsit, har ya rufe ofis. A masallaci ya koma sahun baya, yana sulalewa kafin a shafa addu'a. Ran wani ɗaurin aure aka nemi shaidu, ya yunƙura zai matso, liman ya sunkuyar da kai ya ce, "A samo wani."

Maganar da ta fi ƙona shi kuwa daga ɗakinsa ta fito. Matarsa tana miƙa masa ruwa ta ce, "Malam, tun kana da baki, kira 'yan uwanka ka gaya musu ba ka sake ni ba."

Ruwan bai shawu ba.

Ya 'yan uwa, abin kunya ne gare mu maza. Mace ta ƙarar da ƙuruciyarta a gidanmu, ranar da mijinta ya faɗi mu ce bare ce? Rabonta ba alfarmar dangi ba ne. Wanda ya halicce ta ne ya rubuta shi, kuma Shi zai tambaya.

Allah ya kiyaye mu da cin hawayen mai takaba, ya tsare harsunanmu daga rantsuwar da za mu kasa ɗauka ranar tsayuwa. Amin.