Yadda Ɗan Togo Ya Sa Abel Satar Akuya

Akwai wani mutumin Togo a nan garin Zuru, sunansa Prosper. Amma in ka sauka tasha kana cigiyar Prosper, yini za ka yi. Ka ce Ɗan Togo mai fim, yanzu a nuna maka ƙofarsa.

Aikin manna tayil ya kawo shi. Gini ya ƙare, abokan tafiyarsa suka koma, shi ya zauna. Ya sayi tsohuwar kyamara yana ɗaukar biki da taron mata zumunta na coci. Daga nan ya fara haɗa gajerun fina-finai, rabi Hausa rabi C'lela, yaren mutanen garin, masu tura fim a waya suna yaɗa su har Wasagu da Kanya. Shi ke ƙirƙiro labari, shi ke ɗauka, shi ke zama gaban kwamfuta ya yanke nan ya haɗa can.

Matsalarsa guda ce. Ba ɗan garin da zai yarda ya fito a ɓarawo. Kun dai san halinmu, in ka saci kaza a fim, gobe da sunan za a kira ka a kasuwa, dangin budurwarka suna ji. To duk labarin da ke neman ɓarawo, Prosper sai ya miƙa wa wani kyamara ya shiga da kansa. Ya saci kaza, ya saci babur, har tukunyar burkutu ya taɓa saukewa daga kan wuta ya ruga da ita. Mutane su yi ta dariya, shi ma ya taya su.

Jarumi kuwa kullum Abel ne, ɗan wani tsohon soja, dogo mai faɗin ƙirji. Abel ba ya tambayar labari. Zai zo a makare, ya tambayi wace riga zai sa, ya yi nasa, ya hau babur ya tafi. Bai taɓa tsayawa ya ga fitowar wani ba. Maganarsa kullum ita ce a dai nuno fuskarsa da kyau.

Ana haka Prosper ya ga Saloma, tela ce mai ɗinka musu kayan wasa, ɗiyar Baba Dominic na ƙauyen Manga. Ita ma ta yarda da shi. Sai dai Baba Dominic yana cikin tsofaffin da ba su yarda golmo ya mutu ba, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita. Ya ce shi bai damu da inda mutum ya fito ba, gona ce za ta faɗa masa ko wane ne.

Samarinmu da abokansu suke zuwa golmo, a yi waƙa a yi kaftu. Prosper ba shi da sa'o'i a ƙasar nan. Shi kaɗai yake ɗaure fartanya a bayan babur ya nufi Manga. Hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Damina ta wuce, wata ta shigo, har tsoho ya fara aiko masa da kunu gona.

Ashe Abel ma yana son Saloma, noman ne ba ya so.

Wata rana ya je ya gaishe da Baba Dominic, ya zaro waya. Tsohon nan ba shi da waya, bai taɓa zama ya kalli fim ba. Abel ya nuna masa wani guntu da ya yanko, ba farko ba ƙarshe: ga Prosper ya raɓe jikin danga, ya kwance akuya, ya saɓa ta a wuya ya arce.

"Baba, ga wanda za ka ba ɗiyarka," in ji shi. "A Kanya aka ɗauke shi bai sani ba."

Washegari Prosper yana duƙe yana noma, tsoho ya iso, maƙwabtan gona suna kallo. Ya fizge fartanyar ya jefa ta kan hanya.

"Fita. Gonata ba ta shan gumin ɓarawo."

Prosper ya yi ta rantsuwa cewa fim ne, wasa ne, an mayar wa mai akuya da abarsa a take. Tsoho ya ce shi da idonsa ya gani, kuma idonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Saloma ce ta same shi a shago ta faɗa masa wanda ya yi aikin. Ta ce su kai ƙara wurin fasto. Prosper ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya tuna duk marin da ya sha a fim don Abel ya fito gwarzo, da ranar da aka tsoma shi a kwata ana tafa wa Abel.

Ya ce, "Fasto haƙuri zai ba ni. Ni ba haƙuri nake nema ba. Ranar kasuwa Baba yana shigowa Zuru, ko ba haka ba?"

Ta ce haka ne. Da ya zayyana mata abin da ke ransa, sai da ta toshe baki da gefen zane.

Daga ranar Prosper ya ƙara wa Abel ladabi. Oga Abel sama, Oga Abel ƙasa. Abel ya ɗauka asirinsa a rufe yake. Sai aka kawo masa albishir na sabon fim: shi ne jarumin da aka sace wa akuya, zai bi sawu har gidan ɓarawo ya ɗauko abarsa. Kuma Saloma da kanta ta ce a zo a ɗauka a gidansu, tana son ta ga wasansa ido da ido. Abel ya ji haka, ya je aka yi masa sabon aski.

Ranar kasuwa suka isa Manga. Baba Dominic yana da wata jar akuya mai karyayyen ƙaho, da hannunsa yake ba ta dusa. Ita aka nuna wa Abel.

"Oga, ka tuna gidan mugu ka shigo," in ji Prosper daga bayan kyamara. "Ƙara raɓewa. Zare ido. Dubi hagu, dubi dama. Yawwa, toshe mata baki kada ta tona ka."

Abel ya ga Saloma tana kallo, sai ya zage. Ya yi sanɗa, ya yi rarrafe, ya saɓa akuya ya haure danga. Ba wanda ya sa shi, ya dawo ya fizgi damin masara da ke rataye a rumbu, wai don wasa ya ƙara armashi. Prosper ya ce wannan basira daga Allah take. Bayan haka aka kai shi wurin mai tsire, aka ce murnar nasara ce, ya ci ya lashe yatsu. Ya gama, ya hau babur ya tafi kamar yadda ya saba.

Sannan Prosper ya ɗauki sauran labarin. Mata suna kuka an sace akuyar tsoho. Mahauci yana wasa wuƙa. Wata tsohuwa tana tsine wa ɓarawo har jikokinsa. Ya shige ɗaki ya haɗa fim ɗinsa a kwamfuta yana fito.

Ran Lahadi bayan an taso coci aka nuna fim a gidan kallon ƙwallo na Manga. Wuri ya cika har ƙofa. Saloma ta lallaɓo babanta, ta ce ya zo ya ga mutumin kirkin da ya cece shi daga ɓarawo. Abel yana benci na gaba da baƙin tabarau, abokansa sun kewaye shi.

Aka tada janareta. Tsoho ya ga danga, ya ce wannan kamar tasa. Ya ga rumbu, ya gyara zama. Sai ga jar akuya, sai ga Abel yana rarrafe. Ɗaki ya kaure da ihu. Abel tun yana murmushi yana jiran inda za a nuna cewa akuyarsa ce, har aka kai wurin tsire ba a nuna ba.

Bai ankara ba sai jin sanda ya yi a gadon baya.

"Akuyata! Har da masarar iri, ɗan banza?"

"Baba, fim ne. Wallahi wasa ne, tambayi Ɗan Togo."

Prosper yana jingine da bango. Ya ce shi baƙo ne, bai san komai ba, amma ya ji an ce idon Baba ba ya ƙarya.

Tsoho ya fita da sauri, jama'a suka dafa masa baya har gida. Ga jar akuya a turke tana tuƙa, ko a jikinta. Ya shafa ta, ya duba ƙahon, ya sake shafa ta. Ya juyo ya tambaya, yaya aka yi dabbar da aka cinye a gabansa take tsaye tana kallonsa?

Nan Prosper ya kunna kyamara ya nuna masa abin da aka yanke: ga Abel ya dawo da akuya yana haki, ga Saloma tana ɗaure ta. Ya nuna masa na Kanya ma, tun daga farko har inda mai akuya ke dariya yana karɓar igiyarsa.

Baba Dominic ya dubi Abel.

"Ranar da ka kawo mini waya, ka san wasa ne?"

Abel ya cire tabarau yana goge shi da riga.

Tsoho ya yanke hukunci a tsaye. Tun da aka kori Prosper ciyawa ta cinye gona. Wanda ya jawo haka shi zai nome ta, shi da abokan nan nasa masu turare, daga gobe har girbi, kuma da sunan Prosper za a lissafa noman. In ya ƙi, shi da kansa zai je ya sami tsohon soja, uban Abel. Sannan ya juya wurin Prosper ya ce, "Ɗana, na zalunce ka. Bayan girbi ka turo mutanenka. In ba ka da su, ni zan nemo maka."

Abel ya ja Prosper gefe, murya ƙasa ƙasa, yana roƙo kada fim ɗin ya fita daga Manga.

"Ayya, Oga," in ji Prosper. "Tun kafin a shiga coci na raba wa masu turawa. Na ce musu kyauta ne. Kuma kada ka damu, na nuno fuskarka da kyau."

An yi bikin Prosper da Saloma bayan an kai dawa rumbu. Abel kuwa har yau in ya ratsa kasuwar dabbobi ta Zuru, ba mai ce masa uffan. Kowa dai sai ya ƙara naɗe igiyar akuyarsa a hannu har ya wuce.

Darasi: Kada ka ɗauki sana'ar mutum ka kashe masa suna da ita don ka ga baƙo ne ba shi da kowa. Wanda ya yarda ya zama abin dariya don kai ka haska, ya san duk inda fitilar take, kuma ran da ka cuce shi zai juyo da ita kanka. Ku kuma iyayenmu, guntun abu a waya ba shaida ba ne, a riƙa tambayar farko da ƙarshe. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, musamman wannan abokin naku da ba ya sauraron kowa sai kansa. Kun san shi.