Buzuzu da Garken Kura

An yi wani Buzuzu a bakin wani tafki, ɗan ƙarami, baƙi wuluk, wanda ba ya jin kunyar sana'arsa ko kaɗan. Shi da iyalinsa ke mulmula kashin dabbobi su binne a ƙasa. Duk inda suka binne sai ciyawa ta fito kore shar, ruwan tafkin kuma ya zauna garau. In ya ga dabbobi suna sha, har wani ɗaga kai yake yi, ka ce shi ya haƙa tafkin.

Ana nan sai ga Kura ta sauka da garken shanu. Ta gaji da yawon farauta, ta rantse sai ta riƙa cin nama sau uku a rana. Tun kaka da kakanni, mai kiwo yakan tayar da garke bayan 'yan kwanaki don ƙasa ta huta. Ita kuwa ta kafa turaku a gangaren tafki ta ce ba inda za su, kada tafiya ta rage musu ƙiba. Kafin a ankara shanu ashirin sun zama ɗari.

Buzuzu ya yi ta aiki har ƙafafunsa suka sage, amma kashi sai taruwa yake tsibi-tsibi. Hankalinsa ya tashi, don ya san inda ruwan sama zai kai shi. Ya je ya sami Kura tana yagar cinya.

"Ranki ya daɗe, kashin shanu ashirin muke iya binnewa, ba na ɗari ba. Ki rage su, ki mayar da turakun nan kan tudu kafin damina ta faɗi."

Kura ta tuntsire da dariya. "Kai mai turin kashi, yaushe aka naɗa ka sarkin shanu?"

"Turin nan da kika raina, shi ya sa kike shan ruwa mai daɗi."

Ta sa farce ta juya shi rigingine, ta ci gaba da cin namanta. Da ƙyar ya juyo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya kwashi iyalinsa suka haura tudu.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi, ya kwashe tsibin nan kaf ya zuba a tafki. Bayan mako guda ruwan ya koma kore, yana wari, kifaye suna yawo a kai ciki sama. Shanun da suka sha suka kama zawo, suka riƙa faɗuwa. Waɗanda suka rage suka tsinke igiya suka shiga daji. Kurar ma da ta sha, kwana uku ta yi tana birgima.

Ta hau tudu tana tangaɗi, haƙarƙari a waje, ta durƙusa gaban Buzuzu, ta roƙe shi ya dawo ya gyara.

Buzuzu ya kakkaɓe fukafukansa, ya bar ta a durƙushe har sai da ya gama binne abin da ke gabansa.

"Za mu koma, amma don tafkin, ba don ke ba. Sai an yi damina uku kofato bai taka gangaren nan ba."

"Damina uku? To ni me zan ci?"

"Akwai fara a tudun nan. Ki riƙa kama kaɗan, ita ma tana ƙarewa."

Ya juya ya kira iyalinsa, suka gangara a jere, shi a gaba.

Darasin wannan labari shi ne, ƙasa tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Wanda kwaɗayin nama ya sa ya tara dabbobi fiye da ƙarfin makiyaya, ya kuma raina masu gyara ta, wata rana zai rasa naman, ya rasa ruwan sha.